Rabon Aiki a Kan Tiren Baba Saidou

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Zafi ya kai inda ake so. Mu masu gyaran sanyi ba ma zagin zafi, shi ne damanarmu. Tun da safe na kwaso firji biyu a bayan moto mai ƙafa uku, na sauke a ƙofar shago. Baba Alhaji Saidou, mai shagon, ya ɗora kunne a jikin ɗaya ya ce wannan ya mutu tun bara, masu shi ne ba su yarda ba.

Wasila ce ta ce in riƙa rubutu kullum, ko layi biyu ne, hannuna ya saba, tunda a aji huɗu na tsaya. Ta ce in fara da faɗin su wane ne mu, kamar wani zai karanta. To. Ni Muntaka. Wasila matata ce. Ta yi makarantar sana'a, ta fito da takarda a kan firji da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ni ɗaukar kaya da riƙe tsani ne aikina, tun ina ƙarami a hannun Baba. Shago ɗaya muke a nan unguwar Chagoua. Mutane in sun ji haka sai su kalle ni, ni ma sai in kalle su.

Da azahar ake kawo tuwo daga gidan Baba a babban tire. Mu maza mu zagaye shi a ƙarƙashin rumfa, a nan Baba yake raba aikin yamma da na gobe, hannunsa a cikin miya. Wasila kuwa kwanonta daban ne. Baba da kansa yake tsame mata tsokar da ta fi kyau kafin kowa ya sa hannu, in kai mata ɗakin baya inda ake ajiye matattun firji. In akwai aikinta sai ya ce, "Ka gaya wa 'yata kaza." Bai taɓa kiran sunanta ba. Ya ce matar mutum ba a tsallake mijinta a yi mata magana.

Yau ta ce naman ya yi mata ƙarni, ta ba ni. Na ci a ɓoye kada Baba ya gani.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

A kan tire yau Baba ya ce mai ɗakin sanyin kifi na unguwar Sabangali yana son mutum ɗaya daga shagonmu ya zauna masa dindindin, albashi duk wata, da takardu. Ya ce ɗakin babba ne, ba wasan yara ba. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Awwal, wanda ya fi kowa daɗewa a cikin masu gyara, ya ce shi yana so, ga bikinsa bayan babbar salla. Baba ya juyo kaina ya ce, "Muntaka, akwai magana ta wajenka?"

Akwai loma a bakina.

Miyar kuɓewa ce, da kifi busasshe. Ta yi daɗi. Baba ya ce kalas, wato shi ke nan, Awwal ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da hantsi

Zafi. Ba wani labari.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan magariba

Awwal ya shiga ɗakin baya da rana, ina ciki ina kwance murfin wani firji. Ya ce, "Injiniya, ki taimake ni. Ke da kika yi koyon aikinki a wancan ɗakin sanyi na Sabangali, ina yake yawan ba da matsala?"

Ta ce, "Me ya kai ka can?"

Ya gaya mata duka, da murnarsa. Awwal ba shi da mugun nufi, ya ɗauka ta sani.

Na ci gaba da kwance ƙusa ɗaya da ta riga ta kwance. Ita kuwa ta share wuri a kan benci, ta zana masa ɗakin da alli: ga inda ruwa yake taruwa, ga fankar da take tsayawa in wuta ta dawo da ƙarfi, ga ƙofar da masu ɗaukar kifi ba sa rufewa. Ta ce ya riƙa zuwa da rigar sanyi, kada ya ga Afrilu ne. Ta yi masa murna. Muryarta lafiya lau.

Da muka tashi, a kan hanya, ba ta riƙe rigata ba. Ƙarfen baya ta riƙe har gida. Na bi a hankali, na kauce wa kowane rami.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da safe

Ta dama kunu ta ajiye mini, ta zauna a bakin ƙofa tana tsotsar tsamiya.

Ta ce, "Malam." In ta ce mini Malam to akwai magana. "Baba ya tambaye ka?"

Na ce ya tambaye ni.

"Ka ce masa me?"

Na ce ina cin abinci a lokacin.

Ta yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta kai ido ba. Ta ce, "Lomar ta yi tsawo, tun Laraba."

Sai na ce abin da yake raina. Na ce Wasila, ɗakin nan sanyinsa yana shiga ƙashi, ga tsani, ga ƙasa mai santsi, ga ƙarnin kifi, ke da ko nama ba kya iya shaƙa yanzu. Ga halin da kike ciki. Na ce ban so in faɗi wannan a gaban maza ba, ban kuma so in faɗi sunanki ba a ba ki, wani abu ya same ku.

Ta ce, "Ku."

Na ce eh, ku.

Ta daɗe tana kallon kunun. Ta ce, "Daga rumfa zuwa ɗakin baya akwai nisa ne? Kullum kana kawo mini kwano. Tambaya ce ta yi maka nauyi?"

Na sha kunun. Ta sa sukari yadda nake so, wannan ya fi damuna.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Jiya da yau ba ta je shago ba. Ta ce in kai ta unguwar Klémat wurin Inna Rahmatu, ƙanwar mahaifiyarta, mai shagon turaren wuta da lafaya. Na kai ta. Na durƙusa na gaida Inna daga bakin ƙofa.

Inna ta kama hannuwan Wasila ta juya su, ta ga tabon walda, ta ce, "Dubi hannun amarya kamar na maƙeri. Ɗan nan, kai ka bar ta a cikin ƙarafa?" Na ce ita ta zaɓa, Inna. Ta ce, "To yanzu ta zaɓi nan. Ga kujera, ga inuwa, ga ƙamshi. In abin ya sauka lafiya ta shimfiɗa shi a bayan kantar shago, ba mai ce mata ƙala."

Wasila ta zauna tana jera kwalabe daga dogo zuwa gajere, kamar yadda take jera sifana.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da la'asar

Baba ya ce, "Ina 'yata?" Na ce ba ta jin daɗi. Ya tsame tsokar duk da haka, ya ce in kai mata gida.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Baba ya gane ba ciwo ba ne. Amma ya gane ta wata hanya daban. Ya shiga ɗakin baya ya tsaya, ya fito yana gumi, ya ce, "Haba, mun zalunci yarinyar nan. Mu masu sanyaya wa gari, mun ajiye 'yar mutane a cikin tanda." Ya sa aka ɗauko fanka sabuwa, ya hau kujera ya ɗaura da hannunsa, ya hana kowa taɓawa. Ya sa aka shimfiɗa leda a ƙasa. Ya aika aka sayo kaza.

Ya ce, "Ka gaya mata an gyara ɗakin."

Na kai kazar. Na gaya mata. Ta ce, "Allah ya saka wa Baba." Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi, ban san dariya ba ce ko ɗayan. Da ta buɗe ta ce, "Fanka wace iri?" Na faɗa mata. Ta ce mai kyau ce.

Mun ci kazar. Ita ta ci romon kawai.

Litinin, 21 ga Afrilu, da safe

Awwal ya fara aiki a Sabangali yau. Ni na kai shi da akwatinsa.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan azahar

Ranar awo. Na kai ta asibiti, na zauna a gindin bishiyar dalbejiya tare da sauran masu moto, kowa yana yi kamar wucewa yake. Wani dattijo ya ce mini da Larabci, na farko ne? Na ce yaya ka sani. Ya ce ka wanke moton.

Da ta fito ta ce malamar ta ce komai lafiya. Na ce ta yi maganar aiki? Ta ce, "Na tambaye ta. Ni nakan tambayi mutane." Na haɗiye wannan. Ta ce an ce ta yi aikinta, banda ɗaukar nauyi da hawa sama.

Muna fita ta tsaya a jikin bango, inda wani kilim yake ɗigar da ruwa. Ta ɗaga kai tana saurare. Ta ce ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba, "Datti ne kawai, ba gas ba." Sai ta tuna, ta gyara mayafi ta ce mu tafi, Inna tana jira.

Ban taɓa ganin fuskarta haka a shagon turare ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Da safe ta ɗauko jakar kayan aikinta. Ta goge agogon auna gas da tsumma, ta naɗe tiyo ɗinsa ja da shuɗi, ta jera sifana, ta zuge. Agogon nan da kuɗin ɗinkin da ta yi kafin aurenmu ta saya. Ta ce, "Ka kai wa Awwal. Nasa yana ƙarya."

Na ce Wasila.

Ta ce, "Ba fushi ba ne, Yaya. Na zauna na duba ne. Shekara biyu ina ɗakin baya, abin da ya rage a tire shi yake isowa gare ni, banda naman. In yau ina ni kaɗai haka ne, in na goya fa? Gara in koyi turare tun da wuri."

Da ta ce Yaya na san ta huce. Da na ga ta huce kuma sai tsoro ya kama ni.

Na ɗaure jakar a bayan moto.

Asabar, 26 ga Afrilu, da la'asar

Na bi ta Sabangali sau da yawa yau. Jakar tana nan.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan magariba

Da aka kawo tire na wanke hannu na zauna, amma ban sa hannu ba. Baba ya tsame tsoka ya sa a kwano kamar kullum. Ya ce, "Ci mana."

Na ce, "Baba, 'yarka za ta bar sana'a."

Ya ce fankar ba ta isa ba?

Na ce ba zafi ba ne. Na ce aiki a nan ake raba shi, ita kuwa ba ta nan, ba za ta taɓa zama a nan ba. Kunnenta da bakinta ni ne. Ni kuma mijinta ne, in aiki ya zo sai in auna shi da tsorona kafin ya kai mata. Na ce na Sabangali ma a wurina ya tsaya.

Kowa ya daina tauna. Baba ya ce, "To me kake so? In zaunar da matarka a cikin maza ta sa hannu a tire?" Na ce a'a. "In tsallake ka in je in yi hira da ita?" Na ce in ka tsallake ni, Baba, ba abin da zai ragu a jikina.

Ya ce, "Ni a Damagaram haka na ga maigidana yana yi, haka na zo garin nan da shi. Wace mace aka taɓa ɗauka a shagon sanyi a unguwar nan kafin ni? Na ɗauke ta, mutane suka yi ta surutu, na toshe kunne. Na girmama ta, na girmama ka. Yau a gaban abinci za ka ce na yi zalunci?"

Na ce ban ce ba.

Ya ce, "Abin da na ba Awwal kuma na ba shi. Ba na ba da abu in karɓe."

Na ce na sani.

Ya tsame hannu ya wanke, bai ƙoshi ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya tashi ya bar tuwo ba. Yau ba a raba aiki ba, kowa ya kama abin da ya gani.

Ban gaya wa Wasila ba. A'a, wannan karon na gaya mata. Ta ce, "A gaban kowa?" Na ce eh. Ta ce, "Kai da ko ƙarin miya ba ka iya roƙa." Ta tashi ta ƙara mini miya.

Laraba, 30 ga Afrilu, da azahar

Baba ba ya yi mini magana. In akwai kaya sai ya gaya wa wani ya gaya mini. Yanzu na san yadda saƙo yake in ya biyo ta bakin wani: ya huce kafin ya iso.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Da hantsi Baba ya sa hularsa ta Juma'a ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tada moto. Klémat."

Ya tsaya a ƙofar shagon Inna, hayaƙin turare ya sa shi atishawa. Mata biyu masu cinikin lafaya suka ja gefe. Inna ta ce, "Alhaji da kansa? Firjinmu lafiya yake, ko amarya za a yi wa kaya?" Ya ce, "Hajiya, bar ni da tsufana." Suka gaisa mai tsawo, har da tambayar mutanen da suka rasu. Wasila ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon kwalabe.

Sai ya juyo ya ce, "Muntaka, gaya mata..."

Na ce, Baba, na bar moto a rana. Na fita. Ban yi nisa ba, bangon kwano ne.

Inna ta ce, "Alhaji, ba ta cizo. Ni na yi mata tarbiyya."

Na ji ya yi gyaran murya. Ya ce, "Wasila." Kamar sunan yana da ƙaya. "Na Sabangali ya wuce."

Ta ce, "Na sani, Baba. Allah ya sa wa Awwal albarka."

"To me zai mayar da ke?"

Ta ce a raba aiki da safe, a ƙofar shago, kowa a tsaye, kafin a buɗe akwati. Wanda aka kira ya amsa da bakinsa. Tire kuma ya zama na tuwo.

Ya ce, "Tun kafin a haife ki nake raba aiki a kan tire."

Ta ce, "Haka ne, Baba. Ba dole. Turaren Inna ma sana'a ce."

Inna ta ce, "Sana'a ce mana, kuma ba ta ƙona hannu."

Ya ce, "In kuma... lokacin nan ya zo fa?" Na san kunnuwansa sun yi zafi.

Ta ce, "In ya zo zan faɗa. In ya wuce kuma zan dawo, in akwai wurina."

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Inna ta sayar masa da turare don kada ya fita hannu wofi. A kan hanya ya ce, "Matarka tana da baki." Na ce eh. Can wajen kasuwa ya ce, "Kai kuma kana da wayo, da motonka a rana." Magana ta dawo ke nan.

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Ba saƙo. Ta wanke kaya, ta goge lafaya ɗaya, ta goge rigar aiki ɗaya, ta rataye su a ƙusa guda. Na kwance jakar daga bayan moto na ajiye a tsakar ɗaki. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ashe Sabangali ta yi ƙaura."

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Ta ce mu fara biyawa ta shago, in ba komai in wuce da ita Klémat. Ta sa rigar aiki a ƙarƙashin lafaya.

Mun tarar da Baba a tsaye a ƙofa, kofin shayi a hannu, akwatuna a rufe, yara sun yi layi kamar masu jiran allura. Ya rasa inda zai sa ɗayan hannun, ya sa a aljihu, ya fitar. Ya ce, "Ku matso, ba zan maimaita ba, ni ban saba magana da yunwa ba."

Ya raba na kowa. Ya ce, "Wasila. Akwai kilim a wani ofis a Sabangali, hawa na biyu, injin yana waje a jikin bango. Aiki ne mai kyau, in sun ji daɗi duk na ginin namu ne. Naki ne in kina so."

Na kalli ƙasa. Na kama bakina da haƙori.

Ta ce, "Na gode, Baba. A ba wani. An hana ni hawa sama yanzu. Amma na ji ka ce mai kantin madara na Klémat firjinsa duka sun tsaya. A ba ni wannan, kuma in na tada su ni zan riƙa duba masa duk wata."

Baba ya ce, "Duk wata? Shi ya ce?"

Ta ce, "Zai ce."

Ya kurɓi shayi ya ce kalas.

Muna kan hanya, jakar a tsakaninmu, na kasa haƙuri. Na ɗan juyo na ce, "Wasila, tsanin nan fa, ai abin da na ce ke nan tun farko."

Ta ce, "Kalli gabanka, Malam. Madarar mutane tana lalacewa."